Kada Faifan Kaka Ya Mutu a Akwati

A hutun da ya wuce na buɗe akwatin ƙarfen marigayi kakana a Yelwa, wanda ya taso da shi lokacin da ruwan Kainji ya ci ƙauyensu a 1968. Na tarar da faifan garmaho goma sha biyu, har da na Mamman Shata. Uku zafi ya tanƙwara su, sun tafi ke nan. Ga yadda na ceto sauran.

Da farko duba lambar da ke tsakiyar faifan: 33, 45 ko 78. Ita ce yawan juyinsa a minti ɗaya. In ka saɓa, sai ka ji muryar Shata ta koma ta yaro. Na 78 allurarsa ta fi kauri, kuma kada ka kuskura ka goge shi da sifirit, narkar da shi yake yi. Ruwa kaɗan da ƙyalle mai laushi sun isa.

Sai ka nemi injin faifai mai USB, ka jona da kwamfuta, ka naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce. Ajiye asalin a WAV. MP3 na tura wa abokai ne kawai. Yi kwafi biyu, ka raba musu wuri. Faifan kuwa a tsaye ake jera shi, a inuwa.

Da na kunna wa Goggo a waya, sai ta faɗa mini bikin da aka sayo faifan dominsa. Wannan ba ya cikin kwamfuta. Tambayi tsofaffinku tun suna nan, ka rubuta.