Yadda Ake Kai Yaro Ziyarar Ƙaramar Gonar Kajin Ƙwai

Gonar da ake nufi a nan ita ce wadda ake kiwon kajinta bisa tsarin da ake kira oganik, wato a ciyar da su da hatsin da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi, a bar su suna fita fili suna tono, kuma ba a zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha haka kawai. A ƙa'idar Tarayyar Turai ta wannan tsari, kowace kaza tana da haƙƙin fili mai faɗin murabba'in mita 4 a waje.

Ana fara neman izinin mai gona tun kafin ranar, domin baƙo ya fi zama haɗari ga kaji fiye da yadda kaji ke zama haɗari gare shi. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a shekarar 2006, masu kiwo suka daina barin kowa ya faɗa musu gona, kuma suna da gaskiya, tunda takalmi da tufafi suna ɗauko cuta daga wani garke zuwa wani. Saboda haka ba a biyawa ta kasuwar kaji a ranar, kuma a ƙofar gona babba da yaro duk sukan tsoma takalmansu cikin ruwan magani.

Hantsi ne lokacin da ya fi dacewa, saboda yawancin kaji da safe suke saka ƙwai. Kafin a shiga akan gargaɗi yaro kada ya yi gudu ko ihu, domin kazar da ta firgita takan rage ƙwai. Sai a bar shi ya watsa tsaba ya tsaya ya kalli yadda suke tono da birgima cikin ƙura, wadda ita ce wankansu da ke rage musu ƙwari a jiki.

Ɗibar ƙwai ita ce zuciyar ziyarar, kuma nan ya kamata a daɗe. Ana nuna wa yaro ya ɗauki ƙwai daga akurki da hannu biyu, ya ji ɗuminsa, ya jera shi a kiret mai cin 30, tsinin yana kallon ƙasa, domin ɗan gurbin iskar da ke ɓangare mai faɗi ya zauna a sama. Ba a wanke ƙwan, domin akwai wani siririn rufi a kan ɓawon da ke toshe ƙananan ƙofofinsa. A nan ne tambayoyi kan taso, kuma amsoshinsu gajeru ne: ƙwai ɗaya yakan ɗauki sa'a 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikin kaza, kaza tana yin ƙwai ko babu zakara amma irin wannan ba ya ƙyanƙyashewa, mai zakara kuwa kwana 21 yake yi a kwanci. Launin ɓawo daga irin kazar yake, shi ya sa kazar Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, take yin ƙwai mai ruwan ƙasa, amma launin ƙwaiduwa daga abinci ne, musamman jar masara da ganye.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kallo kawai zai yi, ba a ba shi tsako ya riƙe, saboda ƙwayar cutar salmonela da ke kashin kaji tana jawo gudawa da zazzaɓi. Ba a cin komai a cikin gona, kuma kafin a fita kowa sai ya wanke hannu da sabulu.