Idan Aka Ƙara wa Ram Gudu Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, ɗalibanmu na Dutsin-Ma da Kurfi suka shiga taɓa na'urar nan ba tsoro. Wannan abin murna ne. Amma mun lura waɗansu sun fara shiga BIOS, watau shafin saitin da ke fitowa kafin Windows, suna ƙara wa kwamfutar tebur gudu fiye da yadda aka sayo ta. Inda aka fi yin tuntuɓe kuwa shi ne wajen ram, ma'ajiyar da kwamfuta ke ɗora aikin da take kai a lokacin.

Ga yadda abin yake. A ce an sayi ram irin DDR4 da aka rubuta 3200 a jikinsa. Sau da yawa in aka sa shi, a kan 2133 zai tashi, da wutar bolt 1.2. Ba cuta aka yi ba. Gudun 3200 ɗin yana cikin wani shiri da ake kira XMP, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 2007, kuma sai an kunna shi a BIOS. Yawanci yakan ɗaga wutar zuwa bolt 1.35. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu da ake kawowa kasuwanninmu ba su da wannan zaɓi sam. Haka nan in manhajar CPU-Z ta nuna 1600, kada hankali ya tashi: DDR yana aika saƙo sau biyu a kowane bugu, don haka 1600 sau 2 shi ne 3200.

To, in an kunna XMP, fanka na juyawa amma allo ya yi baƙi fa? A kashe, a zare waya daga soket, a cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar, sannan a mayar. Saitin zai koma na asali. Daga nan a duba ramukan. In faranti yana da rami 4, ram kuwa 2 ne, galibi rami na biyu da na huɗu daga firosesa ake so. A hure ƙurar hunturu, a danna har ya yi ƙara. Sannan a sauko mataki ɗaya, daga 3200 zuwa 3000 ko 2933, a gwada. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta shi a littafi. Wanda ya canza uku tare ba zai san wanne ya yi laifi ba. Kada kuma a haɗa ram na kamfani biyu a sa ran za su yi gudu ɗaya. Ko shanun huɗa sai an dace da su.

Abin da ya fi damunmu shi ne kwamfutar da ta tashi lafiya alhali ram ɗinta yana kuskure a ɓoye. Irin wannan takan ɓata fayil ba sanarwa, kuma fayil ɗin yana iya zama sakamakon jarrabawar aji guda. Saboda haka lalle a gwada da manhajar MemTest86, a bar ta ta yi zagaye 4. Kuskure ko ɗaya ne, saitin bai zauna ba. A yi gwajin da rana, domin abin da ya jure sanyin Janairu ba lalle ya jure Afrilu ba, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Jihar Katsina. Kada a sabunta BIOS sai da UPS, gama in wuta ta ɗauke a tsakiya, farantin na iya mutuwa.

A ganinmu, ribar ba ta da yawa ga mai buga takarda da koyon jarrabawa. Kwamfutar da ke riƙe da sakamako da lissafin kuɗin makaranta, a bar ta a saitinta na asali. Mai son gwaji ya nemi izinin malamin kwamfuta, a ba shi wadda babu fayil ɗin kowa a ciki.