Yadda Ake Durƙusar da Shafin Intanet Ba Tare da An Shiga Cikinsa Ba

A ranar kasuwa a Dambatta ko Bichi, sau da yawa mai sayen gero zai tsaya gaban mai POS, a yi ta gwada tura kuɗi abu ya ƙi. Wani lokaci laifin sabis ne. Wani lokaci kuma kwamfutar da ke amsa saƙon ce aiki ya yi wa yawa. Akwai masu haddasa wannan da gangan, kuma shi ne harin da masana ke kira DoS, wato hana shafi yi wa jama'a aiki.

Yadda abin yake

Kowane shafi yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ake kira uwar garke. Komai girmanta, ƙarfinta yana da iyaka: ƙwaƙwalwa, masarrafa, da adadin mutanen da za ta saurara a lokaci guda. Mai wannan hari ba kalmar sirri yake nema ba. Burinsa ya cinye wannan ƙarfin, ta yadda ba abin da zai rage wa sauran mutane.

Mai karatu ya ɗauki misalin rijiyar burtsatse ɗaya a ƙauye. Idan mutum guda ya jera jarkoki hamsin, yana tara kowace a hankali, bai fasa famfo ba, bai saci komai ba, amma duk unguwa za ta kwana babu ruwa.

Haka manhajar Slowloris da ta fito a 2009 take yi. Tana buɗe layuka masu yawa da uwar garke, tana aiko buƙata guntu-guntu ba ta ƙarasawa. Uwar garken da ke amfani da Apache sai ta yi ta jira, har guraben su cika. Kwamfuta ɗaya kan isa ta yi wannan ɓarna.

A watan Oktoban 2023 an bayyana wani rauni a tsarin HTTP/2, aka sa masa suna Rapid Reset. Maharin yana aika buƙata, ya soke ta nan take, ya sake aikawa. Uwar garke ta riga ta fara aikin, sai ta yi ta wahalar banza. Google ya ce harin da ya tare ya kai buƙata miliyan 398 a daƙiƙa ɗaya.

Abin ya matso kusa

A watan Yulin 2023 wata ƙungiya mai suna Anonymous Sudan ta kai irin wannan hari kan shafin eCitizen na gwamnatin Kenya, ayyuka suka tsaya. A watan Agusta, bayan juyin mulkin Nijar, ƙungiyar ta yi iƙirarin kai hari Najeriya, hukumar NITDA kuma ta fitar da gargaɗi.

Ina ruwan mai waya?

Manyan hare-hare da na'urorin mutane ake kai su, masu su ba su sani ba. A 2017 Google ya cire manhajoji kusan 300 daga Play Store, saboda suna amfani da wayoyin Android wajen kai hari a ɓoye. Datar mai waya ce ke ƙonewa, cajin da ya biya kuɗi a shago kuma ya zube.

Don haka mai waya ya guji manhajar da aka turo ta Xender ko WhatsApp wadda bai san asalinta ba. Ya riƙa duba wace manhaja ce ke shan data, ya goge wadda ba ya amfani da ita. Idan tura kuɗi ta tsaya, kada ya yi ta dannawa: yana ƙara wa uwar garke nauyi, kuma ana iya cire masa kuɗi sau biyu.

Mai koyon gina shafi kuwa, ya sa wa kowace buƙata wa'adi, wadda ta wuce shi a yanke ta. Ya ƙayyade layukan da adireshi ɗaya zai buɗe, da girman fayil ɗin da za a ɗora. Sannan ya sabunta Apache ko Nginx da zarar gyara ya fito.