Jiragen Alfarma a Kogin Nilu: Abin da Idon Ɗalibin Kimiyyar Halittu Zai Gani

Akwai wata irin tafiya da ba don a isa da wuri ake yin ta ba. Tsakanin garin Luksor da garin Aswan, a kudancin ƙasar Masar, tazarar ta ɗan haura kilomita 200, abin da mota ke cinyewa cikin 'yan sa'o'i. Amma masu yawon buɗe ido sukan biya kuɗi masu kauri domin su yi kwana uku ko huɗu a kan wannan tazara, cikin jiragen ruwa da aka ƙawata kamar manyan otal-otal: ɗakunan kwana masu na'urar sanyaya iska, ɗakin cin abinci, da ƙaramin tafkin wanka a can saman bene. Jirgin yana tafe sannu a hankali, gonakin rake da dabino suna wucewa ta taga, da rana a sauka a ziyarci tsoffin gine-ginen Fir'aunoni a Idfu da Kom Ombo.

Wannan sana'a ta daɗe. A shekarar 1869 wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirage biyu masu aiki da tururi, ya kai ayarinsa na farko cikin kogin. Kafin nan, attajiran matafiya sukan hau wani jirgin katako da Misirawa ke kira dahabiya, wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye iska ta tura shi. A nan akwai abin lura. Ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, alhali iskar ƙasar Masar, galibin shekara, daga arewa take busowa zuwa kudu. Ke nan mai zuwa kudu iska ce ke kai shi, mai dawowa kuwa ruwa ne ke kawo shi. Kogunan da Allah Ya yi wa wannan baiwa ba su da yawa.

Jiragen yanzu na ƙarfe ne, masu inji, wasu hawa huɗu ko biyar. To, yaya gini mai wannan nauyi ke tafiya a ruwan da ba shi da zurfi sosai? Dabarar tana ga gindinsa. Kowane abu da ke bisa ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Idan aka yi gindin jirgi shimfiɗaɗɗe mai faɗi, zai ture ruwan da yake bukata ba tare da ya nutse da nisa ba. Shi ya sa abin da ke cikin ruwa na jikin waɗannan jirage bai cika kai mita 2 ba. A garin Isna kuma akwai madatsa da ta tsare kogin, sai jirgi ya shiga wani ɗaki mai ƙofofi gaba da baya, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ko a rage, har ya daidaita da ɓangaren da jirgin zai shiga.

Sai dai babban abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne: kogin da waɗannan baƙi ke shaƙatawa a kansa horarre ne, kuma horon nan shi ne asirin daɗin tafiyar.

Aswan gari ne da akan yi shekara ba a ga ruwan sama ba. Kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isowa can daga tsaunukan Habasha yake fitowa. A da, idan damina ta kankama a Habasha, sai kogin ya fara tasowa a Aswan cikin watan Yuli, ya kai gaɓa wajen watan Satumba, ya malale gonaki, ya bar musu baƙar laka sama da tan miliyan 100 a shekara tsakanin gonaki da bakin teku. An gina ƙaramar madatsa a Aswan a 1902, sannan aka fara babbar a 1960, aka gama a 1970. Bayanta Tafkin Nasir ya taru, mai tsawon kimanin kilomita 500, har cikin ƙasar Sudan. Tun daga tsakiyar shekarun 1960 ambaliya ta daina sauka ƙasa da Aswan. Injiniyoyi ne ke auna abin da za a sako, gwargwadon bukatar manoma. Ko yanzu, a tsakiyar hunturu, lokacin da ake rage sakin ruwa, matuƙa sukan yi kaffa-kaffa da tudun rairayi.

Madatsar ta yi wa Masar rana. Ta ba da wutar lantarki, ta sa ana noma fiye da sau ɗaya a shekara, ta kuma tsare ƙasar daga farin shekarun 1980 da ya galabaita Habasha da Sudan. Amma lakar nan yanzu a gindin tafki take kwanciya. Manomi ya koma ga takin zamani. Gaɓar teku a wajen garin Rashid ta yi ta zaizayewa. Kamun kifin sardin a bakin Bahar Rum ya faɗi warwas a ƙarshen shekarun 1960, domin sinadaran da ambaliya ke kai wa ƙananan tsirran teku, waɗanda kifin ke rayuwa a kansu, sun yanke.

Baƙon da ya leƙa daga saman jirgi zai yaba da yadda ruwan ya yi garau. Masanin halittu kuwa zai yi wani tunani. Ruwa mai laka yana tare hasken rana. Ruwa garau yana barin haske ya ratsa har ƙasa, sai gansakuka da ciyayin ƙarƙashin ruwa su samu abin da suke so. Ga kuma wani tsiro mai yawo bisa ruwa kamar kainuwa, mai kyakkyawan fure, wanda Misirawa ke kira wardin Nilu. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, an kawo shi Masar don ado a ƙarshen ƙarni na 19. A da ambaliya takan share shi zuwa teku. Da ta daina zuwa, sai ya samu wurin zama, yana toshe magudanan ban ruwa. Shi ne dai ya ɓulla a ruwayen Legas a 1984.

A Kom Ombo ana nuna wa baƙi gawarwakin kadoji da mutanen da suka busar suka adana, saboda a can ake bautar wani gunki mai kan kada. Rayayyen kada kuwa, sai an haura madatsa zuwa Tafkin Nasir ake samunsa a daji. Dorina ta ɓace daga Masar tun ƙarni na 19.

Yanzu bari mu zo ga tafkin wankan nan na saman bene. Me ya sa mutumin da ke tsakiyar kogi zai yi wanka a kwami? Wani ɓangare na amsar shi ne tsargiya, wato fitsarin jini, ciwon da yaranmu na karkara suka sani sarai. A birnin Alƙahira ne wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo shi a 1851, kuma a 1910 an samu ƙwayayenta a gawarwakin Misirawa da suka haura shekara 3,000. Ga yadda take zagayawa: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya nemi wata ƙaramar katantanwa da masana ke kira Bulinus ya shige ta. A cikinta yake hayayyafa, daga baya dubbai su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin mafitsara. In babu katantanwa, zagayen ya yanke. Tsohon tsarin noma yakan bar gonaki da magudanai su bushe wata da watanni, katantanwa da yawa su mutu. Ban ruwa na shekara cur ya kawar da wannan hutu. Gaskiya ne cewa Masar ta rage ciwon ƙwarai ta hanyar rabon maganin firazikwantel da samar da ruwan famfo. Amma kafin wannan magani, yaƙin da aka yi da allurai daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, ba tare da tsabtace sirinji yadda ya kamata ba, ya yaɗa ciwon hanta nau'in C ga ɗimbin jama'a. Baƙo yana da ruwan da aka tace aka sa wa sinadari. Ɗan manomin da ke ɗaga masa hannu daga bakin magudana, shi ne ya ɗauki wannan nauyi.

Su kansu jiragen suna da nasu alhakin. Mutum ɗari da ɗoriya da ke ci, suna wanka, suna ba-haya, ƙaramar unguwa ce a bisa ruwa. Idan ƙazantarsu ta shiga kogi, ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ita suna cinye iskar oksijin da ke narke a ruwa, kifi irin su karfasa su rasa ta shaƙa. Dokar Masar mai lamba 48 ta 1982 ta hana zuba irin wannan ƙazanta ba tare da tacewa ba, kuma ta haɗa da jirage. A ganina, jirgin da ke alfahari da kyawun ɗakunansa, tankin ƙazantarsa ya kamata a fara dubawa kafin a kira shi na alfarma.

Malami na iya nuna wa ɗalibansa batun laka ba tare da an je Masar ba. A ɗebo ruwan rafi bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, da guga mai igiya, kada kowa ya sa ƙafa ko hannu a ciki. A zuba a kwalabe biyu masu haske. A ajiye ɗaya kwana biyu ba a taɓa ba, ɗayar kuma a riƙa girgiza ta. Sannan a haska tocila ta cikin kowacce a ɗaki mai duhu, a auna kaurin abin da ya kwanta a gindin ta farko, ɗalibai su faɗi wacce ce Tafkin Nasir, wacce ce kuma Nilu ta kafin 1964.