Shirin Shiga Sojan Ruwa: Bayani Ga Samarin Ƙasar Garki

Daga Garki zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Yawancin samarin wannan ƙasa ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba, in ban da waɗanda wata harka ta kai su wajen Ringim suka ga kogin Haɗejiya da damina. Saboda haka in aka yi sanarwar ɗaukar sojan ruwa, da yawa sukan ce ai wannan aikin mutanen Kudu ne, su kau da kai. To, wannan kuskure ne. Ana raba gurabun ɗauka tsakanin jihohi 36 da Abuja, Jihar Jigawa tana da nata rabo kamar kowace jiha, yaron Garki kuwa yana da hakki a cikinsa daidai da yaron Dutse ko Gumel ko Kazaure. Mutumin Kano, Awwal Zubairu Gambo, ya shugabanci rundunar gaba ɗaya daga 2021 zuwa 2023. Tun kafin shi Murtala Nyako na Adamawa ya riƙe ta daga 1990 zuwa 1992. Babu ɗayansu da aka haifa a bakin teku.

An kafa rundunar cikin 1956, aka tsamo mutanenta na fari daga tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta Gwamnatin Turawa. Aikinta shi ne tsaron gaɓar tekun Nijeriya, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 850, da hana fashi a teku, da hana satar ɗanyen mai cikin fadamun Neja Delta. Har wa yau tana da sansani a Baga a bakin Tafkin Cadi, da wata kwaleji a Dawakin Tofa ta Jihar Kano. Ƙofofin shigarta biyu ne. Masu neman zama hafsoshi yawanci ta makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna suke bi. Wannan bayani kuwa a kan ƙofa ta biyu yake, watau ta kurata, waɗanda ake kai wa makarantar horon farko da ke Onne, kusa da Fatakwal, a Jihar Ribas, su yi kimanin wata 6.

Takardu da sharuɗɗa

Cikin sanarwoyin shekarun nan akan nemi mai takardar sakandare ya kasance tsakanin shekara 18 da 22, mai difloma ko takardar malanta kuwa akan ɗaga masa zuwa 26. Akan nemi kiredit 5, ciki har da Ingilishi da lissafi, waɗanda aka samu a zama ɗaya ko biyu. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.69, na mace mita 1.65, gama ana ɗaukar mata su ma. Tilas mai nema ya zama ba shi da aure. Sharuɗɗan sukan ɗan sake daga shekara zuwa shekara, don haka lalle a karanta sanarwar wannan shekarar da kyau, kada a dogara da abin da wani ya ce an yi bara.

Abin da ya fi kayar da yaran Arewa a wannan mataki abu ne da ake rainawa. Yaro shi ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Mamman a takardar shaidar ƙaramar hukuma, a katin ɗan ƙasa kuwa an rubuta wata shekarar haihuwa dabam. A Garki kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba takardu a Onne bai sani ba, kuma ba shi da lokacin tambaya, ga ɗaruruwa a layi. Gyaran suna ko shekara a katin ɗan ƙasa yakan ci makonni, wani lokaci watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ana cika takardar nema ta intanet, kyauta. Daga nan sai jarrabawa ta Ingilishi da lissafi da sanin al'amuran yau da kullum, sa'an nan a kira waɗanda suka ci don tantancewa. Duk wanda ya zo ya ce yana da wani babba a Abuja, a kawo kuɗi kaza a sa sunan yaro, to, ɗan damfara ne, ko da kuwa ya zo da kaki. An sha sayar da shanun huɗa, an sha jinginar da gona a kan irin wannan alkawari, daga baya a nemi mutumin a rasa. Wanda ya ba da kuɗin ma ya yi laifi a gaban doka, shi ya sa da yawa ba su iya kai ƙara.

Jiki

Kafin kome ya kamata mai nema ya tafi asibitin Gwamnati a duba shi. Likitocin soja za su duba ido da kunne da ƙirji, su auna jini da fitsari. Gwaiwa, da shafaffen tafin ƙafa, da gwame, da ƙafar baka, da i'ina mai tsanani, da zanen ado a jiki, duk suna iya sa a mai da mutum gida. Wasu daga cikin waɗannan suna da magani in an fara da wuri. Ga waɗanda ba su da shi, gara yaro ya sani tun yana gida, ya nemi wata hanyar abinci, da ya kashe kuɗin mota zuwa Fatakwal a faɗa masa can. Mai ciwon sikila ko ciwon zuciya ko farfaɗiya da ya ɓoye ciwonsa don a ɗauke shi, da ransa yake wasa. Mai shan tiramadol ko kodin ko wiwi kuwa, fitsarinsa ne zai ba da shaida a kansa.

Saurayin Garki ba rago ba ne. Wanda ya tashi yana noman gero da riɗi, yana jan ruwa daga rijiya mai zurfi, yana da ƙarfin hannu da baya wanda ɗan birni ba shi da shi. Amma ƙarfin noma dabam, numfashin gudu dabam. Manomi yakan sunkuya, ya miƙe, ya huta a gindin bishiya sa'ad da ya so. Kurtu kuwa gudu zai yi cikin sahu, da takun da wani ya yanka masa, ba ya tsayawa sai an ce a tsaya.

Shirin yana bukatar aƙalla wata 3. A makonni biyu na fari a haɗa tafiya da sassarfa, kamar kilomita 2 ko 3, sau 3 ko 4 a mako. Bayan haka a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma kowane mako, har mutum ya iya kilomita 5 ba tsayawa, kāna ya fara neman rage minti. Wanda ya tashi ran farko ya yi kilomita 10 don a gani, bayan mako guda ƙaurinsa zai fara zogi. Wannan zogi gargaɗi ne, gama in aka ci gaba a kansa ƙashin yana iya tsagewa, wanda kuwa ya tsage sai an yi makonni 6 ko fi ana jinyarsa. Rairayin ƙasar Garki yana ƙarfafa ƙafa ƙwarai, sai dai fareti a kan dandali mai tauri ake yinsa, cikin takalmi mai nauyi. Saboda haka a riƙa gauraya gudun rairayi da na hanyar burji, a kuma saba wa ƙafa da rufaffen takalmi da safa, don wanda ya yi shekara 20 cikin silifa, kwana biyu cikin takalmin soja ya isa ya sale masa diddige. Ban da gudu, kowace safiya a kwanta rub da ciki a riƙa ɗaga jiki da hannuwa, a kwanta rigingine a riƙa tashi zaune, a sami reshe mai ƙarfi a riƙa jan jiki sama. A bar kwana ɗaya ko biyu a mako na hutu, gama cikin hutun ne tsoka ke ginuwa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba. Da bazara, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, gudun tsakar rana ganganci ne. Cikin azumi a sassauta, a mai da shi bayan shan ruwa.

Zafin Onne wani iri ne dabam. A nan iska busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa, jiki ya yi sanyi. Can kuwa ruwan sama ya ninka na Jigawa sau 3 ko fiye, iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, sai mutum ya ga rana ba ta kai ta gida ba amma numfashi na neman gagararsa. Jiki yakan ɗauki kamar mako 2 kafin ya saba. Maganin abin shi ne yawan shan ruwa tun kafin ƙishirwa, alamarsa kuwa fitsari: in ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. Sai kuma sauro. Mutanen Garki ba sa bukatar a ba su labarinsa, tun da a ƙauyukansu ne Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, binciken da har yanzu likitocin duniya ke kiransa da sunan garin. Bambancin shi ne, a nan zazzaɓin da damina yake tasowa, can kuwa ba shi da rani. Kada a tafi da ragowar zazzaɓi ko ƙarancin jini.

Ruwa

Ga abin da ya fi ba ɗan tudu tsoro. Ana koyar da iyo a makarantar, kuma an sha ɗaukar waɗanda ba su iya ba suka fito gwanaye. Duk da haka wanda ya riga ya saba da ruwa ya rage wa kansa rabin wahala, domin abin da ke nutsar da mutum tun kafin ruwa shi ne firgita. In da hali a tafi Kano ko Dutse a nemi wurin wanka ginanne mai mai tsaro, a koyi abu uku: sa fuska cikin ruwa a fitar da numfashi, kwanciya rigingine bisa ruwa ba motsi, da tsayawa wuri ɗaya cikin zurfi ana taka ruwa da ƙafa. In babu hali, ko sa fuska cikin babbar roba ana ƙirga goma yana rage tsoro. Abin da ba za a yi ba shi ne a tafi kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar hanya a ce za a koya. Gindinsu laka ce, zurfinsu ba a san shi ba, kowace damina sai sun ci yara. Wanda ya tsira ma yakan kwaso tsargiya, wadda za ta fito a gwajin fitsari.

Zuciya

Da yawa daga waɗanda ke gudowa daga horo ƙafafunsu lafiya lau suke. Ranar da kurtu ya shiga za a aske masa kai, a ba shi lamba, a raba shi da wayarsa da barcinsa. Za a tashe shi tun duhu. Wani ƙaramin jami'i wanda watakila bai girme shi da shekara 3 ba zai daka masa tsawa a gaban jama'a, ya sa shi tsallen kwaɗo saboda laifin da wani ya yi. Ga yaron da aka rena bisa cewa mutunci ya fi kome, wannan ya fi gudu ciwo. Ya kamata ya sani tun daga gida cewa tsawar ba da shi ake ba, kowa ana yi masa, kuma da dalili. A cikin jirgi in wuta ta tashi ko ruwa ya ɓalle, mutum ɗaya da ya tsaya gardama ko ya bar aikinsa yana iya hallaka sauran duka. Shi ya sa ake horon ƙungiya da laifin mutum ɗaya, har su koyi lura da juna. Mai saurin fushi ya fara gwada kansa tun yanzu: a faɗa masa magana ya haɗiye, ya ga ko zai iya.

Akwai ƙananan abubuwa da za a iya koya a tsakar gida. Wanki, da guga, da shara, da gyaran shimfiɗa, da ɗinka maɓalli, waɗanda a gidaje da yawa ƙannai mata ke yi wa samari, can babu mai yi wa wani. A saba da agogo, gama a soja wanda ya zo daidai lokaci ya makara. A saba da cin abin da aka samu, da sauri, ko teba ce ko doya, ba a jiran tuwon gero. Umurni da Ingilishi ake ba da shi, hira kuwa yawanci da Buroka, don haka sauraron labarun Ingilishi a rediyo kullum, da karanta jarida da ƙarfi, suna da amfani ga jarrabawa da zaman barikin duka. Wanda zai kwana gado kusa da shi yana iya zama Ijo ko Ibibiyo ko Bayarabe, addininsu dabam, abincinsu dabam, kuma watakila shi ne zai jawo shi daga ruwa wata rana. Game da ibada, rundunar tana da limamai da masallatai kamar yadda take da coci. Lokaci ne ke ƙaranci, don haka yana da kyau yaro ya zauna da malaminsa kafin ya tafi, ya san hukuncin sallar matafiyi da ta mai uzuri.

Iyaye ma suna da nasu shiri. Kada a sa ranar aure a tsakiyar horo. Kada a riƙa aika masa labarin kowace rigimar gida, alhali ba abin da zai iya yi sai rasa barci. In ya samu ya yi waya a makonnin fari yana cewa ba zai iya ba, wannan kusan kowa ya faɗa, kada uwa ta ce masa ya taho. Ya kamata kuma a zauna a yi shawara sosai tun kafin a cika takarda, domin aikin soja ba kamar na kanti ba ne da mutum zai bari ran da ya gaji. Wanda ya yi rantsuwa ya shiga ƙarƙashin dokar soja, gudu daga aiki laifi ne da ake hukunci a kansa, kuma ana iya aika shi fadamun Neja Delta ko Tafkin Cadi, wuraren da ake harbi ana mutuwa.

In sunan yaro ya fito, ya tafi da takardunsa na asali da kofensu cikin leda saboda ruwa, da abin da sanarwar ta lissafa, ba ƙari. Ya tashi da kwana biyu a hannu, gama hanyar Kano zuwa Fatakwal ta kan Abuja da Lakwaja ba a yi mata alkawarin sa'a. Ya riƙe kuɗin motar dawowa dabam, domin kiran tantancewa ba ɗauka ba ne, a can ma ana rage mutane. Wanda aka rage ya yi ƙoƙari ya san dalili. In gudu ne ko takarda, yana iya gyarawa ya sake nema a ɗauka ta gaba, muddin shekarunsa ba su wuce ba.