Amsar Tambaya: Ƙaramar Bindiga Ko Babba?

Tambaya: Ina aiki a wata masana'anta a Bompai, nakan tashi cikin dare, wani lokaci da kuɗin kamfani a jaka. Wace bindigar hannu ta fi dacewa in riƙa ɓoyewa a jiki, ƙarama ko babba? Daga mai karatu, Nassarawa.

Amsa: Malam, tsoronka yana da dalili, amma kada ka sayi ko ɗaya. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da sauran bindigogin hannu cikin haramtattun makamai, Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ita babu lasisi, ɗaurin shekara 10 na iya hawa kansa. Ko kamfanonin gadi masu zaman kansu ba a yarje musu riƙe bindiga ba.

Ka nemi shugabanninka su koma tura kuɗi ta banki. In dole sai tsaba, a nemi rakiyar 'yan sanda, tunda hedikwatarsu ta jiha tana nan Bompai. Ka riƙa tashi tare da abokan aiki, kana canza hanya. In aka tare ka, miƙa jakar ba gardama, rai ya fi dukiya. Allah Ya tsare.