Yadda Aka Ɗora Gada a Kan Kwazazzabon Zambezi

Gadar da ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe, dab da magangarar ruwan Victoria, ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a cikin kogi. Ina ma za a kafa shi? Daga gadar zuwa ruwa mita 128 ne, ruwan kuma tafasa yake yi tsakanin duwatsu. Dole aka gina ta daga sama.

Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallaka na Birtaniya, shi ne ya so a yi ta a nan, cikin burinsa na shimfiɗa layin dogo daga Kef zuwa Alƙahira, wai don feshin ruwan ya riƙa sauka a kan taragu. Son burgewa ne irin na masu mulkin mallaka, shi kuwa ya mutu a 1902 bai taɓa taka wurin ba.

Da farko injiniya George Hobson ya zana ta. Kamfanin Cleveland Bridge ya ƙera ƙarafan a Darlington ta Ingila, aka yi musu lamba, aka ɗauko su a jirgin ruwa zuwa Beira ta Mozambik, daga nan jirgin ƙasa ya kawo su bakin kwazazzabo a 1904.

Sai maganar tsallakar da rabin kayan zuwa gaɓar arewa. Aka harba roka ɗaure da siririn zare. Da zaren aka jawo waya, da wayar aka jawo igiyar ƙarfe mai kauri, aka rataya mata keken lantarki mai ɗaukar tan 10. Har kan jirgin ƙasa ta nan ya haye, gunduwa-gunduwa, don aikin layin dogo ya ci gaba can ƙetare.

Bayan an zuba harsashin kankare a jikin dutse, injiniya Georges Imbault, Bafaranshe, ya sa aka fara daga gaɓa biyu lokaci guda. Kowane ɓangare yana miƙewa kan sarari ba abin da ya tokare shi ta ƙasa. Abin da ke riƙe da shi igiyoyin ƙarfe ne da aka zura ta ramukan da aka fafe a dutsen baya. A ɗora ƙarfe, a gasa ƙusa ta yi ja, a doke ta, a matsa gaba. Ƙarƙashin ma'aikata an shimfiɗa raga saboda tsautsayi.

Da yammacin 31 ga Maris 1905 ɓangarorin suka iso juna, amma suka ƙi zama: zafin rana ya sa ƙarfen ya miƙe, baki ya hau baki da inci ɗaya da 'yan kai. Ba a yanke komai ba, aka bar shi ya kwana. Sanyin dare ya sa ya tsuke, da sassafen 1 ga Afrilu ramukan ƙusa suka yi daidai, aka yi maza aka ɗaure kafin rana ta ɗaga.

Ranar 12 ga Satumba 1905 Farfesa George Darwin, ɗan Charles Darwin, ya buɗe ta, mai tsawon mita 198 da layin dogo biyu. Wajen 1930 aka cire layi ɗaya, aka faɗaɗa ta don motoci. A watan Agusta 1975 kuma aka tsayar da tarago a tsakiyarta, daidai kan iyaka, don tattaunawar sulhu, inda Ian Smith, firaministan Rodeshiya (Zimbabuwe ta yau), ya zauna ta gefen Rodeshiya, shugabannin 'yan kishin ƙasa ta gefen Zambiya. Zaman ya watse ba a daidaita ba.